Waiwaye: Wa Zai Buɗe Majami'a Ran Lahadi?

A Wurno aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, kuma har gobe masu ziyara ba su daina zuwa hubbarensa ba. An san shi da yaƙi, da gina ribaɗi, da rubuce-rubuce kan mulki da magani. Abin da ba kasafai ake tunawa ba shi ne irin sanin da ya yi wa addinin da ba nasa ba. Da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdullahi, ya iso Sakkwato a 1824, Bello ya tambaye shi ko su Nasturawa ne, ko kuwa mabiya Sosinus, waɗanda ba su yarda da Triniti ba. Bature ya yi 'yan kame-kame, ya ce su dai Furotesta ne. Da tambayoyi suka ci gaba, sai ya fito fili ya ce karatunsa na addini bai kai nan ba.

Ya sake dawowa a 1826 da tsarabar littattafan Larabci, ciki har da Zabura da Sabon Alkawari. Wannan karon bai koma gida ba. Ciwo ya kwantar da shi a Sakkwato, ya rasu a watan Afrilun 1827. Baransa Richard Lander, saurayi ɗan shekara 23, shi ya raka gawar zuwa wani ƙauye kusa da birni, ya buɗe littafin addu'o'in cocinsu, ya karanta addu'ar jana'iza daga farko har ƙarshe. Masu haƙar kabari suna can gefe suna hayaniyarsu. Shi ne liman, shi ne mamu, babu mai amsa masa amin. Da ya yi shiru ya ce a tura ƙasa, babu wanda zai san an rage wani abu. Bai rage ba.

Bayansu Heinrich Barth, wato Abdulkarim, ya sauka a Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya karɓi takardar aminci ya wuce Tambutu. Haka Kirista ya fara a wannan ƙasa tamu, baƙo mai wucewa, kuma a Wurno da Rabah da Goronyo har yau akasarinsu haka suke. Ɗan sanda ne da aka turo, ko soja, ko ma'aikaciyar jinya, ko mai kemis, ko mai sayar da kayan gyaran babur, ko ɗan bautar ƙasa da zai yi shekara guda ya ɗauki jakarsa. To me ke sa wanda ya san ba zai tsufa a gari ba ya ɗora wa kansa ɗawainiyar wata 'yar majami'a da zai tafi ya bari? Na daɗe ina juya wannan tambaya. Ni Musulmi ne, daga waje nake kallo, amma maƙwabci ma yana da ido.

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugard ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin mutane ba. Abin da wannan ya haifar shi ne rufe wa 'yan mishan ƙofar masarautu na wajen shekara 30. Suka yi ta kewaye a gefe: Patigi, tuddan Jos, Wusasa ta bayan ganuwar Zariya. A ɓangaren Faransa ne ma suka fi samun sarari. Mishan ɗin SIM ta zauna a Damagaram a 1924, ba da jimawa ba ta kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi, garin Sarkin Gobir. Ke nan Gobirawan can sun riga 'yan'uwansu na Sabon Birni jin wa'azin bishara da Hausa, alhali dangi ɗaya ne, iyaka ce kawai ta ratsa tsakaninsu. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausar boko.

Ƙofar da aka buɗe musu a Lardin Sakkwato ita ce wadda ba mai son tsayawa a bakinta, wato kuturta. A ƙarshen shekarun 1930 hukumomin En'e suka miƙa wa SIM kula da sansanonin masu wannan cuta: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a kan hanyar Sakkwato zuwa Gusau. Daga ko'ina cikin lardi ake kai marasa lafiya Amanawa. Maganin lokacin allura ce ta wani mai da ake tatsa daga 'ya'yan wata itaciyar Indiya, mai zafin gaske, kuma sai a shekara ana yi ba a ga wani sauƙi na a zo a gani ba. Sai a ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dafson ta zo, aka fara sallamar mutane da yawa. Kafin nan, wanda ya shiga Amanawa ya shiga ke nan na shekaru, wani ma na har abada.

Nan ya kamata a tsaya a duba da kyau, don mu biyu duka muna da labarin da muka fi so. Mu Musulmi mukan ce an yi amfani da magani aka farauci marasa galihu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don 'yan mishan ba su taɓa ɓoye cewa bishara ce ta kawo su ba, kuma sarakuna sun sa ido, an sha samun saɓani musamman kan yi wa yara wa'azi. Su kuma Kiristoci sukan ba da labarin kamar duk wanda ya sha magani ya karɓi baftisma. Ba haka aka yi ba. Da yawa sun warke sun koma garuruwansu da sallarsu da azuminsu, wasu da 'yar bokon da suka koya da sanin ɗaurin miki, abin da ya ba su abin yi. Waɗanda suka zauna cikin sabon addinin tsiraru ne. Su nake so a kalla.

Mu Hausawa mun yi wa kuturu karin magana barkatai, kusan babu na yabo a ciki. Kwanonsa daban, tabarmarsa daban, wurin zamansa bakin kasuwa. Mutumin da ya saba da wannan ya je inda wani zai durƙusa ya wanke masa miki da hannunsa, ba a yi mamaki ba idan zuciyarsa ta karkata. Amma godiya kaɗai ba ta riƙe mutum shekara arba'in. Abin da ya riƙe su, a ganina, shi ne an ba su aiki. Wanda ya iya karatu aka ce shi zai karanta nassi ran Lahadi. Mai murya ya ja waƙa. Wanda ya ji sauƙi ya zama mai ɗaura wa wasu miki, wani ya zama malamin yara, wani dattijon ikilisiya da ake kai wa ƙarar ma'aurata. Mutumin da garinsu ya ɗauke shi a matsayin mai karɓa kawai, hannu a miƙe, ya wayi gari ana jiran sa kafin a fara sujada. Duk wanda ya taɓa zama wanda ba a lissafi da shi ya san nauyin wannan jira. A 1954 ikilisiyoyin da SIM ta kafa suka zama ECWA, a shekarun 1970 gwamnati ta karɓe asibitoci da makarantun mishan, Turawa suka yi ta raguwa. Ikilisiyoyin ba su bi su jirgi ba, don tun da daɗewa makullin yana hannun 'yan gida.

Katolika sun koyi nasu darasin ta hanya mai ɗaci. A 1953 fadar Paparoma ta yanke lardunan Sakkwato da Katsina ta damƙa wa limaman Dominikan daga Amurka, ƙarƙashin Edward Lawton, wanda ya zama bishop a 1964. Bencinsu ya cika, amma da mutanen kudu, ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa da akawuna a Gusau da Funtuwa da Sakkwato. Da rikicin 1966 ya ɓarke, aka kashe na kashewa, sauran suka gudu, sai ga gine-gine babu mutane. Lawton kansa bai ga ƙarshen shekarar ba, ya rasu a watan Disamba. Michael Dempsey da ya gaje shi a 1967 ya tarar da dayosis mai faɗin ƙasa da ƙarancin jama'a. Suka koma ƙauyuka, musamman wajen Maguzawan ƙasar Malumfashi, suka dogara da katikis, wato malamin ƙauye wanda ba Fada ba ne, manomi ne kamar kowa, amma shi ke tara mutane, ya koya musu addu'a, ya ja sujada a makonnin da Fada bai samu zuwa ba, waɗanda su ne suka fi yawa. An ɗauki fiye da shekara hamsin kafin a ga inda abin ya dosa: a 2023 aka yanke dayosis ɗin Katsina daga na Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, wanda aka yi ta ambato a matsayin Bahaushe na farko da ya zama bishop ɗin Katolika. Anglikan kuwa sai a 1990 suka kafa dayosis a Sakkwato, suka turo Josiah Idowu-Fearon, mutumin da ya yi karatu mai zurfi kan Musulunci, wanda daga baya ya riƙe sakatariyar Anglikan ta duniya baki ɗaya.

Duk wannan a manyan garuruwa da ƙauyukan kudancin Katsina ya faru. In ka bar Sakkwato ka miƙa gabas, ka wuce Achida ka kai mararrabar Marnona, lissafin ya sauya. Nan ƙasar shinkafa ce da albasa da tafarnuwa, ƙasar jikokin masu jihadi, inda kiran salla ke fitowa ta kowace kusurwa. Kirista a irin waɗannan garuruwa ba ya ɓacewa cikin taro, don taron ba shi da yawa. Wurin sujadar ma sau da yawa ba wani gini ba ne mai hasumiya. Ɗaki ne a bariki, ko a rukunin gidajen ma'aikata, ko falon wani. Wasu kuma sai sun shiga mota sun tafi birni.

Shekarun baya na yi zaman jinyar wani ɗan'uwana a wani ƙaramin asibiti na wannan yanki. Akwai wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa daga ƙasar Zuru, kowa Mama yake ce mata. Na lura duk ranar Asabar da la'asar, in ta tashi aiki, sai ta ɗauki tsintsiya da bokiti ta fita. Rannan na kasa haƙuri.

"Mama, ina ake zuwa da tsintsiya kullum Asabar? Ko wani aikin aka ƙara miki?"

Ta yi dariya. "Malam, gobe Lahadi. In ban share ba, wa zai share? Mu nawa ne?"

Na ce ai na ji ta kusa ritaya, gida za ta koma. Ta ce, "To, ai wadda na gada ita ma ta koma gida. Da ta ce haka, da ban tarar da ko benci ba."

Ba ta kawo mini aya ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Amma daga ranar na fara fahimtar yadda abin yake tafiya. A babbar majami'ar birni mai ɗaukar dubbai, mutum yana iya zuwa shekara biyar ba wanda ya san sunansa, ya daina zuwa ba wanda ya lura. A ta mutum ashirin ko talatin, kowa yana da abin da in bai yi ba ba za a yi ba. Wannan shi ke riƙe da makulli. Wannan ma'aji ne, shi ke ƙirga baiko a gaban shaidu ya rubuta a littafi. Wancan zai kawo man janareta. Ɗan bautar ƙasar da ya zo jiya, in an ji yana da murya, mako mai zuwa shi ke koyar da mawaƙa, abokinsa kuma ya karɓi makarantar Lahadi ta yara. Fasto ko Fada ba kullum ake samu ba, don haka saje na 'yan sanda yana iya zama mai wa'azi, sufeton da ke ba shi umarni ran Litinin yana zaune a benci yana saurare. Bambancin ɗarika da ake ɗaga jijiyar wuya a kansa a Kaduna ko Jos yakan yi laushi a nan, don ɗan Baptis da ɗan ECWA da ɗan COCIN ba su da yawan da za su raba ɗaki uku. Hausa ce takan haɗa na Zuru da na Zangon Kataf da na Michika, a haɗa da Turanci saboda Ibo da Yarbawa.

Ƙashin bayan duka kuwa mata ne. Wanda ya san ikilisiyoyin Arewa ya san Zumuntar Mata, da ankonsu, da tulun da suke bugawa, da kacau-kacau. Waƙar ce aka fi gani, amma aikin ya fi waƙar yawa. Su ke zuwa barka, su ke kwana da mai naƙuda wadda uwarta take can nesa, su ke dafa abincin makoki, su ke bin wadda aka kwana biyu ba a gani ba har ɗakinta. In mutuwa ta faɗo, a nan ake gane amfanin littafin ma'aji, don kai gawa daga Goronyo zuwa Binuwai ko Anambara kuɗi ne da albashin ƙaramin ma'aikaci ba zai ɗauka ba. Mutum goma sha ne za su haɗa, su nemi mota, su zaɓi mai rakiya.

Na san abin da mai shakka zai ce, don ni ma na faɗa a raina. Zai ce wannan ba zafin ibada ba ne, kewa ce da neman tsaro, ƙungiyar 'yan gari ce aka sa mata gicciye. Ban musa cewa akwai wannan ba. Baƙo yana neman nasa ko'ina, mu ma in mun je Sabo ta Ibadan ko Zongon Kumasi masallaci muke fara tambaya. Sai dai bayanin bai ƙare a nan ba. In don kewa ce kawai, zaman hira a shagon mai kemis ya wadatar, kuma ya fi arha, ba mai neman zakka daga albashinka. In don tsaro ne, to a wasu lokutan ɓoye addinin ya fi tsaro, ba fitowa da Littafi a hammata ba. Mutumin da ke cire kashi ɗaya cikin goma na abin da bai ishe shi ba, ya sayi kwanon rufin da ba zai daɗe a ƙarƙashinsa ba, akwai abin da ya yi imani da shi. Su da bakinsu sukan ce aikin Ubangiji ne, ba na mutum ba, kuma ikilisiya jikin Almasihu ce, ba ta yiwuwa gaɓa guda ta ce ba ruwanta da saura. Ba aƙidata ba ce, amma na ga abin da take sa mutane su yi.

Ga inda nake ganin masu yawan maganar zafin ibada suke kuskure. Sun ɗauka zafin shi ne hawaye a taron farkawa, da tsalle, da kwana ana addu'a da lasifika. Wannan yana zuwa, yana kuma wucewa. Mutanen Goronyo sun fi kowa sanin haka game da ruwa. Madatsar ruwan garinsu da aka kammala a 1984 tana iya riƙe kiyubik mita miliyan 942 na ruwa, kuma a damanar 2010 kowa ya ga abin da ruwan Rima ya yi da ya ƙwace: gonaki, gidaje, har hanyar jami'a a Sakkwato. Ruwan da ke fitar da albasa shi ne wanda aka saka a magudana yana tafiya kaɗan-kaɗan cikin rani, wani yana tashi da asuba yana buɗe masa hanya da fartanya. Ƙaunar da na gani wajen Mama irin wannan ce. Wataƙila ta taɓa yin nata kukan a wani taro tana budurwa. Abin da ya rage bayan shekara talatin shi ne tsintsiya ran Asabar, kuma ban ga alamar ta ɗauke shi ƙaramin abu ba.

Shekarun nan kuwa an gwada kowa. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan kewaye a ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutane da dama, dubbai suka kwarara Gandi gudun hijira. Ranar 17 ga Oktoban 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, sama da mutum 40 suka mutu. Waɗanda ake kashewa a wannan bala'i galibinsu Musulmi ne, manoma da 'yan kasuwa, wannan ba abin musu ba ne. Amma hanya ɗaya kowa ke bi, kuma ɗan bindiga ba ya tambayar inda za ka kafin ya tare mota. Faston da zai zo daga birni sai ya yi lissafi, mai zuwa birni sujada shi ma haka. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Rabah da Goronyo. Masu cewa yanzu zamani ya zo, mutum yana iya bin sujada ta waya daga Legas ko Abuja yana kwance a gadonsa, sai suka ga waya ta zama tocila. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, kuma a watannin nan ba a bar wa kowa wata hanyar ba, Musulmi da Kirista.

Akwai kuma nauyin da su kaɗai suke ɗauka, kuma rashin adalci ne in tsallake shi. Ranar 12 ga Mayun 2022 aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan, ya nemi a hukunta masu hannu. Kwana biyu bayan haka zanga-zanga ta rikiɗe, aka taɓa majami'u a cikin birni, har da babbar majami'ar Holy Family ta Bishop Matthew Hassan Kukah, aka fasa shaguna, gwamna Tambuwal ya sa dokar hana fita. Ka ɗauki kanka a matsayin wanda ke riƙe da makullin wani ɗakin sujada a ƙauye, nesa da barikin soja, a Lahadin da ta biyo baya. Wasu sun tattara iyalansu sun tafi, kuma ban ga laifinsu ba. Wasu sun zauna. Kafin nan dayosis ɗin Katolika na Sakkwato ya riga ya rasa Michael Nnadi, ɗalibinsa ɗan shekara 18 da aka sace daga makarantar horar da limamai a Kaduna a watan Janairun 2020, da Fada Alphonsus Bello da aka kashe a Malumfashi a watan Mayun 2021. Duk wanda ya ce mutanen nan al'ada kawai suke bi, bai yi lissafin kuɗin da al'adar ke ci ba.

Ba na rubuta wannan don in yi wa Kiristoci wa'azi a kan addininsu ba, suna da masu yi musu. Ko da yake na ji fastocinsu na birni suna kuka da masu yawon majami'u, yau nan gobe can, duk inda aka ce ana mu'ujiza. Kukan bai zame mini baƙo ba. Mu ma muna da samari masu zafin addini da suka haddace muryar kowane malami a waya, suna iya kwana suna raddi a Facebook, amma ba su san wa ke biyan kuɗin wutar masallacin unguwarsu ba, ba su san ladan ya yi wata uku yana jinya ba. Muna da masallatan da attajiri guda ya gina ya sa tayil da fanka, ran da ya mutu famfon alwala ya lalace aka rasa mai gyarawa, don tun farko ba a bar wa kowa abin da zai ce nasa ba ne. Yawa yana da daɗi, amma yana koya wa mutum cewa wani zai yi. Tsirarun da ke tsakaninmu ba su da wannan hutun.

Rabah ita ta haifi Sardauna Ahmadu Bello, ya kuma yi hakimcinta daga 1934 kafin ya wuce Gusau. Taken gwamnatinsa ta Jihar Arewa shi ne Aiki da Ibada. Kiristocin Arewa suna tuna shi ta fuska biyu. Suna tuna rangadin musuluntarwa da ya yi a shekarunsa na ƙarshe, wanda ya tayar musu da hankali. Suna kuma tuna cewa likitansa Dakta Ishaya Audu ne, Bahaushe Kirista da ya tashi a hannun mishan ta Wusasa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, kuma Sunday Awoniyi yana cikin makusantansa a ofis. Mutumin da ya yarda Kirista ya duba lafiyarsa bai ga abin tsoro a kusantarsu ba. Mu ma haka muke yi kullum ba tare da mun lura ba: mu kai matanmu haihuwa wajensu, mu sayi magani a shagonsu, mu ba su 'ya'yanmu su koya musu lissafi, mu kwana da sanin cewa sojan da ke tsaron gari wataƙila sunansa Bitrus.

Inda muke noƙewa shi ne fili. Shugabannin Kiristoci a jihohin nan, har da Bishop Kukah, sun daɗe suna kukan cewa samun takardar mallakar filin gina majami'a ya zama kamar ba zai yiwu ba, shi ya sa sujada take ƙarewa a bariki da ɗakunan haya, inda mai gida ko sabon shugaban wurin aiki zai iya cewa a tashi. Ana jin irin wannan kukan daga Musulmi a wasu garuruwan kudu, kuma can ma kuka ne na gaskiya, amma ba Mama ce ta hana su ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta bar filayen birane a hannun gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin zama a filayen da ba na birni ba. Ke nan wani ɓangare na maganar ba sai an je Abuja ba. Shugaban ƙaramar hukuma da hakimi da limamin gari suna iya zama da dattawan ikilisiya su duba inda ya dace, nesa da masallaci gwargwadon yadda kowa zai sami natsuwa, a yi sharaɗi kan lasifika da lokutan salla, a haɗa da ɗan wurin binne gawa ga waɗanda ba su da halin kai nasu gida, a sa hannu a takarda, kowa ya riƙe kwafinsa.